Tankin ƙarfe cike da ruwa: lissafin COMSOL ya saɓa da awon guduma

Haladu_Mekanikal:
Salamu alaikum injiniyoyi. Aikina na kammala digiri a kan tankin ruwa ne na ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurin farantinsa milimita 3. Da an kunna famfon da ke gefensa sai ya kama kugi. Na zana shi a manhajar lissafin injiniyanci ta COMSOL da Shell (sashen lissafin faranti marasa kauri), na nemi Eigenfrequency, wato yawan girgiza a daƙiƙa (Hz) da tankin ke yi da kansa in an buge shi. Lokacin da babu komai ciki, na buga masa gudumar roba na auna, lambar ta zo kusa da ta kwamfuta. Da na cika shi, Hz ɗin farko ya faɗo ƙasa sosai, ta kwamfuta ko gezau. Ruwan na sa shi ne a matsayin matsi a jikin bango. Ina gizo ke saƙar?

Injiniya_Baba:
Wa alaikumus salam ɗalibi. Matsin da ka ɗora ba shi da nauyi, shi ya sa lissafin bai san da ruwan ba. Duk sanda bango ya motsa, dole ya tura ruwan da ke manne da shi. Farantinka bai wuce kilo 24 a kowace murabba'in mita ba, wato ruwa mai kaurin santimita biyu da rabi kaɗai ya kai shi nauyi. Iska kuwa kilo 1.2 ce a mita kubik, don haka ka tsira da tankin da babu komai. Cika cikin da Pressure Acoustics (sashen lissafin sauti a ruwa ko iska), ka haɗa ruwan da bangon ta Acoustic-Structure Boundary. Saman ruwan, inda ya haɗu da iska, ba shi Sound Soft Boundary, wato iyakar da matsin sauti yake sifili.

Yaya_Hauwa:
Ƙari kan maganar Malam, ka kula da raga (mesh), wato ƙananan yankunan da manhajar ke raba zanen don lissafi. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1480 a daƙiƙa, zangonsa a 500 Hz ya kusa mita 3, sai ka ɗauka raga mai manyan ido ta isa. Ba ta isa ba. Zangon lanƙwasar farantinka a wannan Hz ɗin wajen santimita 24 ne, da ruwa ma ya fi haka gajarta. Da shi za ka yi awo, ido biyar ko shida a kowane zango, kuma ruwan da ke jikin bango ya bi wannan girman.

Haladu_Mekanikal:
Allah Ya saka da alheri, Malam, Yaya. PML fa, wato shimfiɗar da ke shanye sautin da ya fita don kada ya dawo, in sa?

Injiniya_Baba:
Bar shi, sai ranar da za ka lissafa ƙarar da ke fita waje. Duba allon famfon tukuna. In an rubuta juyi 2900 a minti, yana bugun tankin a kusan 48 Hz. Ka kwatanta da lambobin tankin a cike da kuma a rabi, don ruwa na raguwa suna hawa.