Kazar da ta ƙyanƙyashe zabi: wane karin magana ya dace da ita?

Ɗan Ringim: Jama'a, ku raba mu gardama. Da damina Inna ta sa wa kazarta ƙwan zabi goma sha biyu, ta kwanta a kai har suka fashe. Ta riƙe su kamar nata: ta tono gara ta kira su, in shirwa ta gifta ta buɗe fiffike su shige. Yanzu sun girma, magariba na yi sai su tashi fir su hau tsamiya, ita kuwa tana bakin akurki tana ta kira. Inna ta ce "hali zanen dutse". Ni na ce "albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko". Wa ya fi gaskiya?

Malam na Gumel: Ɗana, naka bai zauna ba. Ƙadangare raɓe ya yi, ba don shi aka zuba ruwan ba, kaza ma ba ta san da shi ba. Ana faɗarsa ga wanda ya ci arzikin wani. Waɗannan kuwa ta sha wuyarsu. Ƙwanta kwana 21 yake yi, na zabi sai ya kai 26 zuwa 28. Mako guda ta ƙara a kwance saboda 'ya'yan wata.

Uwar Biyu, Ɗambatta: Allah ya ƙara sani, Malam. Amma na Inna ma ban yarda da shi duka ba. "Hali zanen dutse" mun fi jifan mai mugun hali da shi, to wane laifi zabi suka yi? Ni dai ina ganin zabin da kaza ta raina sun fi zama gida, ba sa nisa cikin gona. Zabuwa ce ke jan 'ya'ya cikin raɓa da sassafe har sanyi ya kashe su, shi ya sa muke ba kaza. Ashe reno yana taɓa hali.

Ɗalibi daga Haɗejiya: Haka ne, Mama. Wani masani ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, ya nuna cewa 'ya'yan dinya kan bi abin da suka fara gani bayan ƙyanƙyasa, har shi kansa suka riƙa bi a baya. Ya sami kyautar Nobel a 1973. A Kenya ma, bayan ambaliyar teku ta 2004, wani ɗan dorina maraya ya manne wa tsohon kunkuru kusa da Mombasa.

Malam na Gumel: To, in hawan tsamiyar ake nufi, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ya fi kusa. Ba zagi a ciki, asali ne kawai.

Ɗan Ringim: Na karanta wa Inna duka. Ta ce Malam ya kusa, amma ku jira Sallah ku ji "sabo da kaza ba ya hana yanka ta". Na tambaye ta kazar ko zabin, ba ta amsa ba.