Wai zaman shago ya fi hatsari kisa? Gardamar da ta kaure a gurup ɗin fadarmu ta Tahoua

Mushe Habu: Salamu alaikum 'yan fada. Jiya na ga wani lissahi na OMS, hukumar lahiya ta duniya, da OIT, ƙungiyar ƙwadago ta duniya, da sunka fitar a 2021, wai a shekarar 2016 mutum miliyan 1.9 sunka mutu a duniya saboda aikin da suke yi. Abin da ya ɗaure min kai, masu mutuwa ta hatsari wajen 360,000 ne kawai, amma daɗewa kan aiki, awa 55 ko fiye a sati, shi kaɗai ya ɗauke wajen 745,000 ta hanyar AVC, wato shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya. Ke nan zaman shago ya fi faɗowa daga bene kisa.

Sani Tela: Haba Mushe, da sassafe haka? Ni tun ina yaro nike bisa keke, in Salla ta matso kwana muke a shago, ga ni garau. Aiki ba ya kisa, zaman banza ke kisa.

Alhaji Mai Kwankaye: Kowa da ajalinshi. Ubanmu ya yi noma har ya haura tamanin, wa ya taɓa ƙidaya mishi awa? Lissahin Turawa ne wannan, su da ke zaune cikin kilim.

Mushe Habu: Baba Alhaji ku yi haƙuri, ai ba Turawa ne sunka fi mutuwa ba cikin lissahin, mutanen Asiya ne, kuma galibi maza.

Ilu: Ni dai ban yarda ba ko kaɗan. Ku tuna Ɗan Issa a Nuwamba 2021, rami ya rufta ma masu haƙar zinariya, aƙalla mutum 18 lokaci guda. Sai ka ce min mai zaman bitik yana shan shayi ya fi su shiga hatsari? Wannan raini ne ga talaka wallahi.

Hadiza Majo: Ilu ka tsaya, kai da Mushe ba abu guda kuke faɗi ba. In mutum ɗaya za a ɗauka, na cikin rami ya fi kusa da kabari, babu ja. Amma masu shiga rami nawa ne a duniya, masu kwana bisa aiki nawa? Shi ya sa in an tara, nasu ke rinjaya. Kuma mutuwar rami ana ji a rediyo, gwamna ya zo ta'aziyya, ita waccan sai dai a ce wane ya faɗi a banɗaki hannu da ƙafa sun shanye, a ce iska ce ko jifa anka yi mishi, ba mai cewa shekara talatin ya yi bai yi barcin kirki ba.

Sani Tela: To Majo ke kin ga wanda ɗinki ya kashe da idonki?

Hadiza Majo: Ba a rubuta ɗinki a takarda yaya Sani, tansiyo ake rubutawa. Abin da sunka gano shi ne mai awa 55 ya fi mai awa 35 zuwa 40 haɗarin AVC da kashi 35 cikin 100, mutuwar ciwon zuciya kuma kashi 17. Kai ƙarfe nawa kake buɗe shago?

Sani Tela: Takwas na safe, in rufe takwas na dare, ban da Juma'a da nike hutawa. In ba Salla ba ke nan.

Mushe Habu: Awa 72 ke nan a sati, doka kuma 40 ta ce 😂

Sani Tela: Dokar ta ku ce masu albashi Mushe, ku da ke da bakansi wata uku. Ni in na yi awa 40 wa za ya biya min haya da kuɗin wuta, OMS?

Alhaji Mai Kwankaye: Yawwa Sani. Kuma ni ku gaya min, wa ya zo nan Tahoua ya ƙirga? Mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an kai shi, babu likita babu takarda.

Hadiza Majo: Nan kam kuna da gaskiya Baba, kintace ne, ba ƙidaya gawa-gawa ba, suna duba yawan masu irin aikin da yawan cutar su auna. Amma in akwai kuskure ni ina ganin ƙasa ya yi ba sama ba, don CNSS, asusun inshorar ma'aikata, waɗanda anka yi ma rajista kaɗai ta sani, magini da ɗan kabu-kabu da mai feshin albasa a Galmi ba takalmi ba komai a hanci, ba su cikin littafin kowa. Ma OIT ta sake fitar da wani a 2023, kusan miliyan 3 a shekara, wajen mutum 8,000 kullum.

Ilu: To bari in faɗi abin da ke cina. Wana ya yi shekara huɗu a arewa wajen zinariya, ba ya shiga rami ma, shi yana wurin injin niƙa dutse, ya ce in sunka tashi da marece ba ka gane kowa, gira da gemu duk fari kamar an tsoma su cikin gari, rawani kawai suke naɗewa a hanci. Ya dawo da kuɗi ya gina ɗaki biyu ya yi aure. Yanzu daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. An ba shi maganin tarin fuka wata shida ya shanye, tarin na nan. Uban gidan nasu ko waya bai ƙara ɗauka ba.

Hadiza Majo: Allah ba shi lahiya. A koma da shi a yi rediyon ƙirji, wato hoton huhu, kuma ka gaya ma likita aikin da ya yi, kar ku ɓoye. Ƙurar dutse tana zama cikin huhu ta daskarar da shi, silikoz ake ce mata, ba ta warkewa sai dai a rage wahala, kuma ita ke buɗe ma tarin fuka ƙofa. Rawani bai tare ta, jiƙa dutsen da ruwa ya fi.

Mushe Habu: Ka gani Ilu, wan naka ba rami ya rufta mishi ba, yana cikin ɓangaren da nike faɗi. Ƙura da hayaƙi wajen 450,000 ne a lissahin, su ma sun fi hatsari.

Ilu: Kar ka sa min ɗan'uwa cikin lissahinka Mushe yana da rai. Kuma ƙura daban, zaman shago daban, har yanzu ban yarda da na shagon ba.

Mushe Habu: Ka yi haƙuri, bakina ne ya zarce.

Alhaji Mai Kwankaye: Ilu ka biyo shago da la'asar, akwai jikka goma a ƙara na rediyon. Amma ni maganar awa 55 ɗin nan ba ta shige ni ba.

Sani Tela: Majo in na zo CSI, asibitinku, gobe nawa ne awon tansiyo? Ba wai na yarda ba, kwana biyu ƙeyata ke sara.

Hadiza Majo: Ka zo da safe kafin ka sha shayi. Ka taho min da zanena da ka riƙe tun ƙaramar Salla.