"Wani hani ga Allah baiwa ne": ya dace da labarin Ila Mitra?

Malamar Wasanni: Assalamu alaikum. Ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata. Jiya na ba ɗalibaina labarin Ila Sen, 'yar Bengal da aka fi sani da Ila Mitra. An haife ta a Kalkata a 1925, ta yi makarantar Bethune, ta yi fice a guje-guje da tsalle-tsalle a zamanin da iyaye ƙalilan ne ke barin 'ya mace ta fita fili ta yi tsere. Har an sa ran za ta wakilci Indiya a gasar Olamfik ta 1940. Tokiyo aka fara ba wa gasar, Japan ta janye a 1938 saboda yaƙinta da Sin, aka mayar Helsinki, babban birnin Finland, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe komai. Lokacin ba ta cika shekara 15 ba, kuma ba ta ƙara samun wannan dama ba. Da na kai nan sai na ce musu, "Wani hani ga Allah baiwa ne." Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to ina baiwar?" Wallahi na rasa amsa. Ku taimaka mini.

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam, Malama. Baiwar tana gaba. A 1945 ta auri Ramendra Mitra, ɗan gidan masu gonaki, ta koma karkara wajen Nachole, wanda yau yake cikin Bangladash. Can ta tarar da manoma, da yawansu 'yan ƙabilar Santal, suna noma gonar mai ƙasa, in an girbe a raba biyu ya ɗauki rabi. Ta shiga gwagwarmayar Tebhaga, wato a kasa amfanin gona uku, manomi ya ɗauki biyu. Mutanen wurin har Rani Ma suke ce mata, sarauniya uwa. Da ta tafi Helsinki ta dawo da suna, wa ya san ko za ta taɓa taka wannan ƙauye? An hana ta fili, an ba ta jama'a.

Hajiya Tsohuwar Nas: Baban Sadiya, ka tsaya a inda labarin yake da daɗi. A watan Janairun 1950, bayan an kashe 'yan sanda a rikicin Nachole, an kama ta a tashar jirgin ƙasa ta Rohanpur. Azabar da aka gana mata a hannun 'yan sanda ba ta faɗuwa a gaban yara. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Sai a 1954 aka bar ta ta tafi Kalkata neman magani, jiki ya lalace. Na yi shekaru ina jinyar mata, na san abin da duka ke bari a jiki. Ƙafafun da suka yi tsere ne fa. Bakina ba zai iya kiran wannan baiwa ba.

Baban Sadiya: Hajiya, ban ce azabar ce baiwa ba, Allah ya kiyaye. Zalunci ne, masu yin sa kuma su ke da alhaki.

Hajiya Tsohuwar Nas: To ka ga inda matsalar take. Karin maganar ta ce hani "ga Allah". Yaƙi mutane suka tayar, kurkuku mutane suka kulle. Mun yi imani ba abin da ke faruwa sai da saninsa, amma in muka yi saurin jefa wannan magana, sai ta zama bargon rufe laifin mutane.

Malam na Zaure: Ni a wurin iyayenmu na ji ta, kuma na lura da lokacin da suke faɗin ta. Mutum ya makara motar kasuwa, da yamma a ji motar ta yi haɗari, sai shi da bakinsa ya ce wani hani ga Allah baiwa ne. Wanda aka hana shi ke faɗi, bayan ya ga ƙarshen abin. Ko kuma babba ya faɗa wa yaro don ya kwantar masa da hankali, ana fata, ba ana yanke hukunci ba. Mu kuwa muna zaune nan muna auna rayuwar wata mu ce ga ribarta. Jiki magayi. Ita kaɗai ta san abin da ta ji a 1952, tana tsare, lokacin da Nilima Ghose, wata 'yar Bengal mai shekara 17, ta yi tsere wa Indiya a Olamfik. A ina? A Helsinki ɗin nan dai.

Malamar Wasanni: Allahu Akbar. Malam, wannan ya taɓa ni.

Ɗan Autan Inna: Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki. Ni da "zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi" zan faɗa. Ila ta warke, ta koyar a kwaleji a Kalkata, aka zaɓe ta majalisar dokokin Bengal ta Yamma daga mazaɓar Maniktala a 1962, aka sake zaɓen ta har sau uku. Ta rayu zuwa 2002.

Malam na Zaure: Taka karin maganar ta fi kusa, ɗana. Sai dai carar da Ila ta so yi a filin tsere ce, ita kuwa ba ta yi ba. Kada mu manta da wannan don ta yi wata.

Malamar Wasanni: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan ce wa ɗalibar ta yi tambaya mai kyau, ni ce na yi gaggawa. Zan ƙarasa musu labarin har kurkukun, gwargwadon abin da shekarunsu za su ɗauka. Hajiya, ta yaya kike ganin zan faɗi wannan ɓangaren ga 'yan shekara 13?