Alhakin Wa Ya Kama Sojojin Ingila a Hannun Japan?

Jikan Ɗan Bama: Jama'a yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa ko da admin zai cire ni. Ashe a shekarar 2000 gwamnatin Ingila ta raba wa tsofaffin sojojinta da Japan ta tsare a yaƙin duniya na biyu fam 10,000 kowannensu, wanda ya mutu aka ba matarsa? Kakana a ƙasar Bama (Burma) ya yi yaƙin nan, da waɗannan Japanawan ya gwabza, ya dawo da lambobi biyu a ƙirji da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Wato wanda ya ɗaga hannu shi ke da kuɗi, wanda ya riƙe bindigarsa har ƙarshe shi ke da tari. Ni wuyar da suka sha ba ta ba ni tausayi, alhaki ne ya kama su. Na san ba mai tanka mini, da zancen ƙwallo ne da tuni an cika nan.

Baban Khadija: Allah ya jiƙan tsoho. Amma ɗan'uwa, alhakin wa?

Na-Dala: Kai ma ka sani. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Baban Khadija: To ai ka kashe kanka da bakinka, Na-Dala. MAI SHI yake bi. Yaro ɗan shekara ashirin da aka ɗauko daga ƙauyensu a Ingila aka jefa Singafo, me ya ci na kakan wani?

Na-Dala: Wa ya tilasta wa talakawa aikin dogon Baro zuwa Kano har jirgi ya iso a 1911? Su. Wa aka sa aikin dogo da bulala a dajin Tailan? Su. In ba ka ga ikon Allah a nan ba sai ka nemi tabarau.

Malam Mai Almajirai: A yi hattara da harshe. Allah yana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, ayar tana nan a Suratul An'am da Suratu Faɗir. Kafin ka ce musiba kaza sakayyar laifi kaza ce sai kana da nassi. Wa ya ba ku labarin gaibu?

Na-Dala: Allah gafarta Malam, ba fatawa muka nema ba, Hausa muke yi.

Malam Mai Almajirai: Hausar ce ke kai mutum wuta in bai kula ba.

Tica Mai Ritaya: 'Ya'yana ku ɗan saurara, don na ga ana faɗa a kan abin da ba a san girmansa ba. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Janar Percival ya miƙa Singafo ga Janar Yamashita, aka kama sojoji wajen 80,000, Ingilishi da Indiyawa da 'yan Ostireliya. Sojan da ke cikin rami ba a tambayi ra'ayinsa ba, umarni aka ba shi ya ajiye makami. Daga sansanin Changi aka riƙa loda su a taragon kaya zuwa Tailan, don Japan na son dogon da zai kai wa dakarunta kaya Bama ba tare da bin teku ba. Tsawonsa kilomita 415, an haɗe shi a Oktoba 1943. Fursunonin yaƙi kimanin 60,000 suka yi aikin, sama da 12,000 suka mutu, wajen rabinsu 'yan Ingila. Ba harsashi ya kashe yawancinsu ba. Shinkafa zalla ba mahaɗi, ga kwalara, ga atini, ga zazzaɓin cizon sauro, ga gyambon da ke cin nama har ƙashi, likitocinsu na kankare shi da cokali saboda ba magani. A wani wuri da suke fasa dutse da guduma har cikin dare da hasken wuta, su da kansu suka sa masa sunan jahannama. Kotun Tokyo ta bayan yaƙi ta ce cikin kowane fursuna 100 na Turawa da ke hannun Japan 27 sun mutu, alhali a hannun Jamus da Italiya 4 ne. Yanzu ga tambayata ga mai cewa alhaki: leburorin Asiya da aka kwaso wa dogon nan, Tamilawan Malaya da mutanen Jawa da na Bama, an ƙiyasta wajen 90,000 ne suka mutu, yawancinsu ko kabari mai suna ba su da shi. Su alhakin wa ya kama su?

Autan Mama: Baba Tica wannan rubutu haka kamar jarrabawa. Wani ya taƙaita mana.

Na-Dala: Lissafin Turawa ne. Wanda ya ci yaƙi shi ke rubuta lamba.

Tica Mai Ritaya: Maƙabartar Kanchanaburi tana nan a Tailan, kaburbura kusan 7,000, yawancinsu da suna. Je ka ƙirga.

Na-Dala: Ki biya mini kuɗin jirgi, Mama.

Tica Mai Ritaya: Namiji ne ni, kuma na haife ka.

Na-Dala: Tuba nake Baba, hoton furen da ke kan lambarka ne ya ruɗe ni. Amma maganata tana nan.

Hajiya Uwar Biyu: Ni dai na taɓa ganin wani tsohon fim na gadar da suka gina, har fito suke yi suna maci, shugabansu ma da ƙwazonsa yake aikin. Ban ga wata wahala can ba.

Baban Khadija: Hajiya da girmanki, fim za ki kawo mana hujja?

Hajiya Uwar Biyu: Ku da kuke ta surutu wa ya je can a cikinku? Gara ni na ga wani abu da idona.

Autan Mama: Ni ina bayan Yaya Na-Dala. Mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Bama suka kashe shi, a ce ba alhaki?

Bazazzagi: Innalillahi. BURMI, yaro, Burmi ta ƙasar Gombe, 1903. Ina Gombe ina Bama? Wannan da ganinsa Bakano ne.

Autan Mama: Harafi ɗaya ne ya bambanta su a rubutun Turawa, ba sai an yi mini gori ba.

Na-Dala: Bazazzagi kada ka fara. Ana zancen miƙa wuya kai har kana da baki? Ba sarkinku Kwasau ne ya aika a kira masa Bature a 1902 don Nagwamatse ya matsa masa ba?

Bazazzagi: Ku fa? Ranar 3 ga Fabrairu 1903 aka ci Kano da safiya ɗaya, ga ganuwa ga ƙofofi, Sarki Alu ma ba ya gari. Singafo dai ta yi mako guda.

Na-Dala: Je ka tambayi Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Mu mun zubar da jini. Ku shayi kuka dafa musu.

Bazazzagi: Barikin Chindit a Zariya yake ko a Kano? Sunan rundunar da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944 ke nan, da bataliyoyin Najeriya uku a ciki. Ku nuna mana naku.

Ɗan Maraɗi: Ku na Ingilishi kuna ma da sauƙi. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka fito daga hannun Jamus suka nemi kuɗinsu, Faransa ta buɗe musu wuta. Ta ce 35 suka mutu, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Su ma fursunonin yaƙi ne. Wa ke zancensu?

Autan Mama: Kullum sai kun sako Faransa, ko zancen tuwo ake.

Ɗan Maraɗi: Don ba ku ɗanɗana ta ba ne.

Malam Mai Almajirai: Har yanzu ba wanda ya janye kalmar nan. Ku ce jarrabawa, ku ce ƙaddara, amma alhaki hukunci ne.

Baban Khadija: Ko a Hausar ma Malam, alhaki sai da wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin. Jirgin ruwan Lisbon Maru da aka nutsar a Oktoba 1942 ɗauke da fursunonin Ingila daga Hong Kong, masu gadi suka rufe su a cikin jirgin, sama da 800 suka halaka. Masuntan China ne suka fito da kwale-kwale suka tsamo ɗaruruwa. China da Ingila ta yaƙa har sau biyu a kan cinikin ofiyom, su ba su tsaya cewa alhaki ba.

Na-Dala: Sun yi don Allah, Allah ya ba su lada. Ceto daban, dalilin faɗawa ruwa daban.

Tica Mai Ritaya: Tunda kuna son abin da ya shafe mu, ga shi. Da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar talakawan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai ana tura su haƙar kuza dole, abin da ake kira ɗiban gwamna, sanyin tsauni da yunwa suka kashe da yawa. Faɗuwar Singafo mu ma ta faɗo mana a ka. Sannan Gurkawan Nepal, sojojin Ingila da Japan ta tsare, da farko an hana su fam 10,000 ɗin nan, suka kai ƙara babbar kotun Landan a 2002 suka yi nasara. Namu sojojin na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama ba a fursuna suka ƙare ba, don haka zancensu na kuɗin sallama ne, inda aka biya baƙar fata kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka biya Bature mai muƙami ɗaya. Nan ya kamata a sa ƙarfi.

Na-Dala: Ka ga ni ko? Ɗiban gwamna! Baba da kansa ya kawo mini hujja. Alhakin 'yan kuza.

Tica Mai Ritaya: Singafo ta faɗi KAFIN ɗiban gwamna. Alhakin naka gaba yake yi ko baya?

Na-Dala: Allah ya riga ya san za su yi.

Malam Mai Almajirai: Subhanallah. Na fita.

Bazazzagi: "Ta hannun sarakuna da hakimai," in ji Tica. A tambayi Na-Dala wace masarauta ce ta fi tura mutane.

Na-Dala: Admin kana gani yana zagin masarauta.

Jikan Ɗan Bama: Ni fa kakana Bazazzagi ne ta wajen uwa, a daina.

Admin (Ɗan Ƙofar Mata): To jama'a dare ya yi, ga abin da aka tsayar. Mafi rinjaye sun gamsu cewa abin da ya samu sojojin Ingila ishara ce ga mai zalunci, ko da Malam ya ja hankali a kan lafazi, kuma mun gode masa. Baba Tica ya kawo lambobi masu yawa, Allah ya ƙara lafiya, sai dai kamar yadda Na-Dala ya nuna, daga littattafan Turawa suke, kuma a ƙarshe shi ma ya tabbatar da zaluncin da aka yi a Jos. An kuma tabbatar da cewa Kano ba ta miƙa wuya ba, an yi Kwatarkwashi. Zancen Faransa a kawo shi wata rana. Bazazzagi na dakatar da shi zuwa Juma'a saboda taɓa masarauta, kuma duk wanda ya biyo ni ta bayan fage don roƙa masa zai bi shi.