Sujada biyu ko tafinta?

Sakatare: Salama, 'yan'uwa. A majami'armu mu wajen 180 ne ranar Lahadi, fasto ɗaya, ƙaramin janareta. Matasanmu suna sulalewa zuwa majami'un Turanci, iyaye kuwa Hausa suke ji. Dattawa za su zauna ranar Asabar. Mu raba sujada biyu, ko mu ci gaba da ɗaya da tafinta?

Ɗan Mawaƙa: Ku sayi ganguna da jita, za su dawo da ƙafarsu.

Malamin Baibul: In za ku raba, Turanci 7:00 zuwa 9:00, Hausa 9:30 zuwa 11:30. Rabin awan nan na tsakiya kada ku taɓa shi, nan ake gaisawa. Nassi ɗaya, ma'aji ɗaya, asusu ɗaya. Jibin Ubangiji da baftisma a haɗe. Fasto ba zai iya wa'azi biyu kowane mako ba, ku horar da dattawa biyu su riƙa karɓarsa.

Uwar Zumunta: Malam, a takarda da daɗi. Wata ikkilisiya a Kudancin Kaduna haka ta fara. Ma'aikata suka koma sujadar Turanci, baikonsu ya fi yawa, sai suka ce a riƙa ƙirga nasu daban. Daga nan kayan sauti suka zama nasu, da an tashi su kulle. Tsofaffi suna rera Littafin Waƙoƙi ba makirfo, ba fanka, wai mai ya ƙare tun safe. Zumuntar Mata ta rabu biyu har a gidan makoki. Yanzu ma ba a gaisawa.

Ɗan Mawaƙa: Mama, mai ne matsalar. Sola ta dubu 800 ta wadatar.

Mai Waya: Dubu 800 ina? Inbata 3.5kVA, batir biyu masu 200Ah, faranti huɗu na sola, waya da kuɗin aiki, ka haura miliyan ɗaya da rabi. Ka haɗa amfilifaya da fanka goma a kan ƙaramar inbata, tsakiyar wa'azi za ta ɗauke.

Baba Dattijo: Wannan shawarar ta dattawa ce, ba ta masu kiɗa ba.

Ɗan Mawaƙa: Baba, da girmamawa, mu ne fa ake cewa muna guduwa. An taɓa tambayarmu?

Uwar Zumunta: Mu da muke share majami'a da dafa abincin taro ma ba a tambayarmu.

Ɗan Baya: Tafinta dai a'a. Wa'azin minti 40 ya koma 80, tafintan kuma ya ƙara nasa, shinkafa ta ƙone a gida.

Ma'aji: Kafin sola, albashin fastonku ya fita a kan kari? Ana cire kason gunduma, a zo da ambulan gini, ambulan taro, ambulan sallama, fasto yana bin wata biyu.

Baba Dattijo: A kuma canja wa fasto wurin aiki ana tsakiyar zangon karatu, 'ya'yansa su bar makaranta.

Sakatare: To, Asabar ɗin me zan faɗa musu?

Ma'aji: Ka fara kai musu littafin kuɗi. Naku kason gundumar nawa ne a wata?