Makaho, kurma ko mai buƙata ta musamman: wane suna masu abin suke so?

Mai tambaya: Jama'a, masu rubuta labari da masu cike fom ɗin tallafi suna ta rikicewa a kan sunaye. Wanda ya san yadda mutanen ke kiran kansu ya warware mana.

Malamin kurame, Kano: Kurame suke ce wa kansu, ba kunya a ciki. Bebe ne wasunsu ba sa so, don yana nuna kamar ba su da harshe, alhali ga maganar hannu. Ita ma iri biyu ce: ta Hausa da ake koya a gida da majalisa, da ta makaranta wadda tushenta na Amurka ne. In fom bai tambayi wacce mutum ya iya ba, sai a kawo tafinta su tsaya suna kallon juna.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a: Malam, ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. "Masu buƙata ta musamman" ladabi ne a rediyo, amma a rajista ba ya gaya maka komai. Dokar hana wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Yaya za a shirya musu jarrabawa ba a san wa ke buƙatar me ba? A yi gurbi uku: irin lalurar, abin da mutum ke aiki da shi (sanda, keken guragu, rubutun makafi, tafinta), sai sunan da shi ya zaɓa.

Ɗan ƙungiyar makafi: Hajiya, mu makafi ne, har sarkinmu Sarkin Makafi ake ce masa. Sunan "musaki" ne ke mana ciwo, don da jin sa sai a fara laluben sadaka. Wasu matasanmu sun fi son "mai lalurar gani", haƙƙinsu ne. Sai dai kalmar tana haɗe mu da masu gani dishi-dishi, su kuwa manyan haruffa suke buƙata, ba rubutun makafi ba.

Ma'aikacin lafiya: Kuturu kam daban ne, ina roƙo a kula. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kyauta. Dungulmin yatsu tabon lalacewar jijiya ne, ba alamar yana yaɗa cutar ba. A ce "wanda ya warke daga kuturta", domin tsohon sunan na hana a sayi kayansa a kasuwa, har 'ya'yansa ya hana aure.