Kifin nan na fim ɗin Jaws, me za mu kira shi da Hausa?

Mai fassara: Malamai, a taimaka. Ana rubuta "kifin shak", wasu kuma na son "maci-mutane" ko "tsagen teku". Wanne ya dace da littafin 'yan sakandare?

Malamin ilimin halittu: A fara cire "maci-mutane". Fim ɗin Jaws na 1975, wanda ya nuna shak yana kashe mutane, ya ƙara wa mutane wannan tsoron. Nau'in wannan kifi ya haura 500, akasarinsu ba sa taɓa mutum, kuma mutanen da yake kashewa a duniya ba su cika wuce goma a shekara ba. Mafi girmansu, wanda kan kai mita 12, ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa ya ci. Yaron da ya haddace "maci-mutane" ya riga ya koyi kuskure tun daga sunan.

Malama mai nazarin kifaye: "Tsagen teku" ya fi daɗin ji, amma haƙora kawai suka haɗa su. Tsage kifi ne mai ƙaya. Shak kuwa ba shi da ƙashi ko ɗaya, jikinsa guringuntsi ne. Tsagar numfashinsa 5 zuwa 7 ne a kowane gefe, a buɗe, babu murfi. Ba shi da jakar iskar da ke ɗaga sauran kifaye, hantarsa mai mai ce ke rage masa nauyi. Haƙoran jere-jere ne, na gaba ya faɗi na baya ya matso. In ka shafa fatarsa daga wutsiya zuwa kai, kamar samfefa take. Kalmar "teku" ma tana da matsala, domin akwai wanda ke hawa kogin Zambezi.

Ɗan'uwansa na gaske a wajenmu kunaman ruwa ne na kogin Binuwai, shi ma guringuntsi ne.

Malamin ilimin halittu: Haka ne, Malama. Don haka suna biyu muke buƙata. Dangin duka, har da kunaman ruwa: "kifaye masu guringuntsi". Shi kansa a bar masa "shak", tunda kunne ya saba da shi kuma bai ɗora masa laifi ba. Jam'i "kifayen shak".

Mai fassara: Na gode. Na fim ɗin kuma "farin shak"?

Malama mai nazarin kifaye: E, amma a bayyana wa yara cewa cikinsa ne fari, bayansa ruwan toka ne.